Sauya Babbar Manhajar Tsohuwar Saba Ba Tare da Salwantar Bayanai Ba

Lacca ga ma'aikatan sashen kwamfuta, ɗalibai da shugabannin ma'aikatu



 

Gabatarwa

Kusan kowace ma'aikata, ko makaranta ce ko asibiti ko kamfani, tana da wata kwamfuta da aka keɓe wa ɗaki, wadda ba a kashe ta dare da rana. Ita ce saba, wasu kuma su ce uwar garke. A cikinta albashin ma'aikata yake, da sakamakon jarrabawar ɗalibai, da tarihin jinyar marasa lafiya, da lissafin bashin da ake bin ma'aikata da wanda take bin mutane. Abin da ke tafiyar da wannan na'ura, ya haɗa ƙarfenta da sauran manhajojin da ke kanta, shi ne babbar manhaja: Windows Server, ko wani nau'i na Linux kamar Ubuntu, Debian ko CentOS.

Kowace babbar manhaja tana da wa'adi. In ya cika, sai a sauya ta. A nan ne gaban mutane yake faɗuwa, domin kowa ya taɓa jin labarin wurin da aka taɓa saba, aka wayi gari bayanan shekara goma sun ɓace. Saboda wannan tsoro sai a bar ta yadda take, shekara ta bi shekara.

Matsayina a wannan lacca guda ɗaya ne, kuma zan faɗe shi tun yanzu. Sabuwar manhaja ba kasafai take cinye bayanai ba. Abin da ke cinye su shi ne fara aiki alhali ba a tanadi hanyar komawa baya ba, ko an tanada amma ba a taɓa gwada ta ba. Duk wanda zai iya dawo da sabarsa yadda take jiya, ya kuma tabbatar da haka da hannunsa, to ya gama mafi nauyin aikin tun kafin ya fara.

Me ya sa ba za a bar ta yadda take ba?

Na san hujjar da ake kawowa: ai tana aiki, me za a taɓa ta? Amsar tana cikin ma'anar ƙarewar wa'adi. Manhaja aikin ɗan Adam ce, kullum ana gano ɓaraka a jikinta. Muddin tana cikin wa'adi, masu ita za su fitar da faci su toshe. Ranar da wa'adin ya ƙare, gano ɓaraka ba ya tsayawa, facin ne kawai yake tsayawa. 'Yan kutse kuma suna nazarin facin da aka yi wa sababbin zubi, su koma su nemi wannan rami a jikin tsofaffin da babu mai toshe musu.

Kwanakin ba ɓoyayyu ba ne. Wa'adin Windows Server 2003 ya ƙare ran 14 ga Yulin 2015. Na 2008 da 2008 R2 ya ƙare ran 14 ga Janairun 2020, na 2012 da 2012 R2 kuma ran 10 ga Oktoban 2023. Na 2016 zai ƙare a Janairun 2027. A ɓangaren Ubuntu, zubin da ake ɗora wa saba yana fitowa duk shekara biyu a watan Afrilu, yana samun kulawar kyauta ta shekara biyar, shi ya sa na 18.04 ya fita daga wannan kulawa a 2023, na 20.04 kuma a 2025, sai ga wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi.

Abin da ya faru ran 12 ga Mayun 2017 ya isa darasi. A ranar ce manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta bazu, ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Ta bi ta wani rami ne a tsohuwar hanyar musayar fayil ta Windows, ramin da Microsoft ya riga ya fitar wa faci tun watan Maris. Waɗanda ba su ɗora facin ba suka kamu. Masu Windows XP da Server 2003 kuwa ba su ma da facin da za su ɗora, sai bayan wuta ta kama kamfanin ya fitar musu da na gaggawa. A Ingila, asibitocin gwamnati sun soke ganin likita da tiyata kusan 19,000. Waɗannan marasa lafiya ne da suka yi sammako aka ce su koma gida.

Ban da tsaro, akwai tsufan ƙarfen kansa. Faifan da ya shekara goma yana juyawa yana iya tsayawa kowace rana, kuma in ya tsaya, tsohuwar manhajar ba lallai ta yarda ta hau sabuwar na'ura ba. Sannan ga doka: Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, ta kuma wajabta sanar da hukuma cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Barin saba a kan manhajar da ta mutu shi ma zaɓi ne, kuma yana da farashi.

Hanyoyi biyu

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe, wato CentOS 7, domin har gobe akwai ɗimbin sabobi a kansa. Ya fito a 2014, kyauta, kuma kwafi ne na Red Hat Enterprise Linux, shi ya sa makarantu da kamfanonin ɗaukar shafukan intanet suka rungume shi. A Disambar 2020 aka ba da sanarwar cewa CentOS 8, wanda aka sa ran zai kai 2029, za a rufe shi a ƙarshen 2021. Mutane suka maƙale a kan na 7, shi ma wa'adinsa ya cika ran 30 ga Yunin 2024. Daga wannan rikici ne AlmaLinux da Rocky Linux suka fito a 2021 don su gaje shi. Gregory Kurtzer, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa CentOS tun farko, shi ya kafa Rocky.

Mai irin wannan saba yana da hanya biyu. Ta farko ita ce ya sabunta ta a inda take, a ɗora sabuwar manhaja a kan tsohuwa. Akwai kayan aikin yin haka: shirin ELevate na AlmaLinux, wanda aka gina a kan manhajar Leapp ta Red Hat. Yana fara yin bincike, ya fitar da rahoton abubuwan da za su hana aikin, sai an gyara su sannan ya ci gaba. Amma ba a tsallake mataki: daga 7 sai 8, sannan 9. Haka dokar take a Ubuntu da Debian, zubi ɗaya bayan ɗaya. A Windows Server an saba tsallake zubi ɗaya ne iyaka, sai a na 2025 aka buɗe ƙofar tahowa kai tsaye tun daga 2012 R2. Windows mai bit 32 kuwa ba ta rikiɗa ta koma mai bit 64 a inda take ko ta halin ƙaƙa.

Hanya ta biyu ita ce a gina sabuwar saba a gefe, a ɗora mata sabuwar manhaja tsaf, a kwashe bayanai a kai mata, tsohuwar kuma tana nan ba a taɓa ta ba. Ita nake ba da shawara a duk inda hali ya samu. Manomin da rumbunsa ya tsufa yakan gina sabo a gefe, ya bari ya bushe, ya kwashe damman hatsinsa yana ƙirgawa, kuma ba zai sa gatari a jikin tsohon ba sai ya ga lissafi ya cika. Hanyar farko tana da sauƙin kuɗi, amma tana sauya abin da kake dogaro da shi a daidai lokacin da kake tsaye a kansa. In wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, ko sabuwar manhaja ta kasa gane tsohon katin da ke haɗa faifai, wanda kuma ya faru ga wasu tsofaffin katunan RAID da aka janye direbobinsu a zubi na 8, sai a samu sabar da ba ta zama sabuwa ba kuma ba ta koma tsohuwa ba. Shi kansa Microsoft, game da sabar da ke riƙe da sunayen ma'aikata da izinin shigarsu, shawararsa ita ce a tayar da sabuwa, a miƙa mata ragama, sannan a sauke tsohuwar.

Wanda ba shi da kuɗin sabuwar na'ura ba a bar shi a baya ba. Yana iya cire tsofaffin faifai ya adana su a kabad, ya sa sababbi ya gina a kansu. Tsofaffin faifan nan su ne hanyarsa ta komawa.

San abin da ke cikin sabar

Ba a fafe gora ranar tafiya. Makonni kafin a taɓa komai, sai an zauna an rubuta duk abin da sabar take yi. Wannan ya fi yadda ake zato wuya, domin sau da yawa wanda ya haɗa ta ya daɗe da barin aiki. Wani ɗan bautar ƙasa ne ya yi shekararsa ya tafi, wani ɗan kwangila ne da lambarsa ta daina shiga. Abin da ya sani ya tafi da shi.

A rubuta manhajojin da ke kanta da zubin kowacce. A nemo ayyukan da aka saita su tashi da kansu da tsakar dare, irin su lissafin ƙarshen wata ko tura saƙon tes ga iyayen yara, domin ba a ganin su sai ranar da suka kasa tashi. A duba takardun shaidar tsaro da ranar ƙarewarsu, da lasisin da aka ɗaure da lambar wannan na'ura kaɗai. A bi sawun duk abin da ke magana da ita: firinta, na'urar ɗaukar yatsa ta bakin ƙofa, injin ɗakin gwaje-gwaje, waɗanda wataƙila an rubuta musu adireshin sabar a ciki tun ranar da aka kawo su. A kuma tambayi masu amfani da ita. Akawu da ma'aikacin ofishin jarrabawa sun san abubuwan da sabar ke yi waɗanda injiniya bai taɓa ji ba.

A nan ne za a gane cewa babbar manhaja ba ta tafiya ita kaɗai. CentOS 7 ya zo da PHP 5.4, AlmaLinux 9 kuma da PHP 8. Tsohuwar hanyar da PHP ke magana da MySQL an cire ta tun a PHP 7, don haka manhajar makarantar da aka rubuta da ita ba za ta ko buɗe ba a sabuwar saba. Haka abin yake ga duk abin da aka rubuta da Python 2, wanda aka daina kula da shi ran 1 ga Janairun 2020. Bayanan suna nan lafiya, amma abin da ke karanta su ya mutu. Ga mai neman sakamakonsa a tagar ofis, wannan da ɓacewa duk ɗaya ne.

Kwafin ajiya

Yanzu mun zo zuciyar maganar. Ƙa'idar da aka sani ita ce 3-2-1: kwafi uku na bayanai, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Kowa ya haddace ta. Abin da nake so mu duba shi ne yadda manyan ƙwararru suka faɗi duk da sun san ta.

Ran 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab yana gyara cikin dare, ya ba da umarnin goge wata jaka yana zaton a kan sabar ko-ta-kwana yake, ashe a kan babbar yake. Kafin ya ankara, kusan gigabait 300 na rumbun bayanai sun tafi. Kamfanin yana da hanyoyi biyar na ajiya da kwafi, amma da aka je ɗaukowa, babu wadda take aiki yadda aka zata. Dalilin lalacewar ɗaya daga cikinsu ya shafi laccarmu kai tsaye. Rumbun bayanansu yana kan PostgreSQL 9.6, amma manhajar da ke ɗaukar kwafi ta zubin 9.2 ce, don haka kullum sai ta tashi ta kasa. Saƙon imel ɗin da ke sanar da gazawar kuma ana ƙin karɓar sa a hanya, bai taɓa isa ga kowa ba. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu awa shida kafin haɗarin, don wani gwaji dabam. Aikin awa shidan nan ya tafi har abada. Sun cancanci yabo da suka wallafa labarin dalla-dalla ba tare da ɓoye komai ba, shi ya sa muke iya koyo da shi a yau.

Darasin a fili yake: sai an gwada akan san na ƙwarai. Kwafin da ba a taɓa dawo da shi a wata na'ura an buɗe an gani ba, zato ne kawai. Kafin ranar sauyi, a ɗauki kwafin, a kai shi wata kwamfuta, a tayar da manhajar a kansa, a kira akawu ya buɗe albashin watan jiya ya ce e, haka yake. A kuma duba agogo a san awa nawa dawowar ta ci. Wannan lissafi yana da muhimmanci a wurinmu. Wanda ya ajiye gigabait 500 a intanet, layinsa kuma yana ba da megabit 10 a daƙiƙa, zai shafe fiye da kwana huɗu yana saukewa, in ma layin bai yanke ba. Dole ya zama da kwafi a faifai kusa da hannu.

Darasi na biyu game da wuri ne. Ran 10 ga Maris 2021 gobara ta tashi a cibiyar kamfanin OVH da ke birnin Strasbourg na Faransa, ta cinye gini guda ƙurmus. Abokan cinikin da kwafin ajiyarsu yake wuri ɗaya da sabobinsu sun rasa duka biyun a dare ɗaya.

Na uku game da haɗi ne. A Yunin 2017 manhajar NotPetya ta afka wa Maersk, babban kamfanin jiragen dakon kaya na teku. Sabobinsu masu riƙe da sunayen ma'aikata da izinin shiga suna kwafar juna, an ɗauka wannan ya isa ajiya. Da cutar ta shigo sai ta share su gaba ɗaya, tun da duk a haɗe suke. Guda ɗaya ta tsira a wani ofishinsu na Afirka ta Yamma, saboda an ɗauke wuta a lokacin, ba ta kan layi. Da ita aka sake gina sauran. Shugaban kamfanin ya bayyana daga baya cewa sun sake ɗora manhaja a kan sabobi 4,000 da kwamfutoci 45,000 cikin kwana goma, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Abin da ɗaukewar wuta ta yi musu bisa ƙaddara, mu sai mu yi shi da niyya: kwafi ɗaya a cire shi daga na'ura, a kulle shi.

Saboda haka a kiyaye abu uku. RAID ba ajiya ba ce, domin in ka goge fayil, duk faifan za su goge shi tare. Hoton yanayin na'ura da ake ɗauka a sabar kwaikwayo yana da amfani ƙwarai don komawa da sauri, amma yana zaune a kan ma'adana ɗaya da abin da ya ɗauka. Rumbun bayanai kuma ba a kwafar fayilolinsa yana cikin aiki, sai da kayan da aka yi don haka, irin su pg_dump ko mysqldump, ko kuma a tsayar da shi tukuna.

Ɓarnar da ba ta ƙara

Akwai asarar da ta fi gogewa haɗari, domin ba ta nuna kanta. Saba ta tashi, shafi ya buɗe, kowa ya yi hamdala, alhali bayanai suna lalacewa a hankali. Zan kawo misali biyu.

Na farko ya shafi PostgreSQL. Wannan rumbu yana dogaro da wani ɓangare na Linux mai suna glibc wajen sanin wane rubutu ke gaba da wane in ana jerawa. A zubi na 2.28, wanda ya fito a 2018, an sauya ƙa'idar jerin sosai. CentOS 7 yana kan 2.17, magadansa na 8 suna kan 2.28. In aka ɗauki fayilolin rumbun yadda suke aka kai sabuwar manhaja, fihirisar da aka gina da tsohon jeri ba za ta dace da sabo ba. Sai a nemi sunan da yake nan a ce babu shi, ko a shigar da abu sau biyu a inda doka ta ce sau ɗaya. Maganin mai sauƙi ne ga wanda ya sani: a sake gina fihirisar rubutu kafin a buɗe wa mutane, ko a yi ƙaurar ta hanyar fitar da bayanan a sake zuba su.

Na biyu ya shafe mu kai tsaye, mu masu rubutu da ƙ da ɗ da ɓ. Tsofaffin zubin MySQL suna zuwa ne da tsarin haruffan latin1, wanda bai san waɗannan haruffa ba, sai a zubi na 8.0 aka mayar da utf8mb4 ya zama na asali. Tsofaffin manhajoji da yawa sun yi shekaru suna cusa haruffanmu a cikin latin1, abin yana fitowa daidai a allo bisa dace. Ranar ƙaura, in aka juya tsarin ba tare da lura ba, Ƙanƙara da Ɗambatta za su fito da wasu alamomi marasa ma'ana ko alamar tambaya. In ta zama alamar tambaya, harafin ya tafi ke nan, sai dai a koma kwafin ajiya. Babu injiniyan wata ƙasa da zai duba mana wannan. A cikin jerin gwajinku, ku sa neman sunaye masu ƙugiya, ku dube su da ido.

Hanyar kama irin wannan ɓarna ita ce ƙirga da aunawa. A ƙirga layukan kowane tebur a tsohuwa da sabuwa. A haɗa jimillar kuɗi a nan da can, su zo daidai har kwabo. Fayiloli kuma a fitar musu da lambar shaida ta SHA-256 a ɓangarorin biyu a gwama. A duba cewa mallakar kowane fayil da izinin buɗe shi sun biyo shi, kada takardar albashi ta zama kowa na iya karantawa.

Ranar ƙaura

A yi gwajin ƙaurar gaba ɗaya aƙalla sau ɗaya kafin ranar gaske, a rubuta kowane mataki da minti nawa ya ci. Ranar gaske karatun wannan takarda za a yi, ba tunani ba, domin da ƙarfe biyun dare kan mutum ba ya aiki daidai.

A zaɓi lokaci da hankali. Ba ƙarshen wata ba lokacin albashi, ba makon rajistar ɗalibai ba, ba jajibirin salla ba da kowa zai yi tafiya. A sanar da masu amfani da wuri. A tabbatar janareta yana da mai, batirin inbata ya cika, an kuma gwada UPS an ga tana riƙewa. In ana shiga sabar ta suna a intanet, a rage wa'adin da ake riƙe tsohon adireshinta tun kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, don juyawar ta yi sauri. Wanda ke aiki daga nesa ya tanadi wata ƙofar shiga, domin sunan katin sadarwa kan sauya, kuma OpenSSH tun daga zubi na 8.8 ya daina karɓar tsohuwar hanyar sa hannu ta RSA kai tsaye. Mutane da yawa sun kulle kansu a waje ta haka.

Tsarin aikin shi ne: a kwashe mafi yawan fayiloli tun kwanaki kafin ranar da rsync ko robocopy. Ranar, a rufe ƙofar shigar da sabon bayani a tsohuwar saba. A ɗauki kwafin ajiya na ƙarshe. A kwashe ɗan abin da ya ƙaru. A ƙirga, a auna. A kira mutum biyu ko uku daga masu amfani su yi aikinsu na kullum a kan sabuwar. Sai sannan a buɗe wa kowa. Rufe ƙofar nan kada a yi wasa da shi, domin in sabobi biyu suka karɓi bayani a lokaci ɗaya, haɗa su daga baya aiki ne mai cin rai.

Tun kafin a fara, a rubuta sa'ar da za a haƙura. A ce: in ƙarfe huɗun asuba ta yi gwaji bai wuce ba, mun koma tsohuwa, kuma wane ne zai yanke hukuncin. Komawa baya a kan lokaci nasara ce. A kuma san cewa daga lokacin da mutane suka fara shigar da bayani a sabuwar saba, komawa ta daina zama kyauta.

Bankin TSB na Birtaniya ya nuna abin da gaggawa ke jawowa. A Afrilun 2018 ya kwashe bayanan abokan cinikinsa zuwa sabon tsari a ƙarshen mako guda. Bayanan sun isa, amma sabon tsarin ya kasa ɗaukar aikin, mutane da yawa suka kasa kaiwa ga kuɗinsu, kuma al'amura ba su daidaita sarai ba sai Disamba. Shugaban bankin ya sauka a Satumbar wannan shekara, a Disambar 2022 kuma hukumomi suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65. In banki mai wannan ƙarfi zai yi tuntuɓe a kan shiri da gwaji, mu ma sai mu yi hattara.

Bayan ƙaura

Kada a goge tsohuwar saba washegari. A cire ta daga layi, a bar ta har sai ma'aikata ta zagaya da'irar aikinta cikakkiya: an biya albashi sau ɗaya, an fitar da rahoton wata, in makaranta ce an fitar da sakamakon zango. A nan ne ayyukan da aka manta suke bayyana.

A daren farko a duba cewa sabuwar saba tana ɗaukar kwafin ajiya, a kuma dawo da shi a gani. Ku tuna GitLab: bambancin zubi ne ya kashe musu ajiya ba tare da kowa ya ji ba. In lokacin rabuwa da tsofaffin faifai ya yi, a share su sharewar da ba a dawo da ita, ko a farfasa su, kada bayanan marasa lafiya su ƙare a teburin mai sayar da kayan gwanjo. Daga ƙarshe a rubuta yadda aka gina sabuwar, da ranar da wa'adinta zai cika. AlmaLinux 8 zai kai 2029, na 9 kuma 2032. A sa ranar a kasafin kuɗi tun yanzu.

Kammalawa

Ranku ya daɗe shugabannin ma'aikatu, roƙona gare ku shi ne, in ma'aikacinku ya nemi faifai biyu da mako biyu na gwaji, ku ba shi. Kuɗin bai kai na rana ɗaya da ma'aikata za ta yi a tsaye ba. Kuma ku riƙa yi masa tambaya guda: yaushe rabon da ka dawo da kwafin ajiyarmu ka buɗe ka gani? In ya kawo labarin matsala da wuri, ku saurare shi, domin ma'aikacin da ke tsoron faɗa ɓoyewa zai yi.

Abokan sana'a da ƙannena ɗalibai, bayanan da ke hannunmu amana ce. Fanshon dattijo ne, da takardar shaidar yarinyar da ta yi shekara huɗu tana karatu, da sunan maganin da jikin wani ba ya ɗauka. Masu su ba su san ɗakin sabar ba, sun dai yarda da mu. Ina roƙon kowa, in ya koma wurin aikinsa a wannan mako, ya yi abu uku: ya duba zubin babbar manhajar sabarsa da ranar ƙarewar wa'adinta, ya dawo da kwafin ajiya guda a wata na'ura, ya kuma rubuta wa shugabansa abin da ya gani.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya sa albarka a ayyukanmu.